Baba Ya Ce Zai Zauna

Litinin, 2 ga Yuni

Yau ma Baba ya kira. Mai karanta labarai bai ko cire abin kunne ba, wayata ta fara rawa a kan tebur. Gida ɗaya muke kwana da Baba, amma ba zai iya jira in dawo ba. Sai ya saurari labaran Turanci tukuna, sannan namu na Hausa, ya auna.

Na ɗauka yau yabo zan sha. Labarin ginin wata gada ne, an rubuto cewa majalisa ta yi sanction ɗin aikin. Wanda ya fassara da safe ya sa wai ta ƙaƙaba wa aikin takunkumi. Na karanta har ƙasa, na ga ashe amincewa suka yi, har da ranar da za a fara. Kalma ɗaya, ita ke hanawa, ita ke yarda. Na gyara kafin a shiga studiyo.

Baba ko taɓo wannan bai yi ba. Wai “sa ido” da na sa wa oversight a labari na uku ya yi kama da gulma, “kulawa” ya fi. Ya ƙara tuna mini cewa kalmar Turancin tana kuma nufin sakaci, kamar ban sani ba. Na ce to, Baba. Ya ce, “Uwata, to ɗin nan taki ba ta yarda ba ce.”

Shekara nawa ina wannan aiki a gidan rediyo. Ko sau ɗaya bai taɓa cewa na yi daidai ba.

Alhamis, 5 ga Yuni

Muna cin abinci ya ɗauko tsohon wasansa. Wai in ba shi ma'anar dust. Na ce kakkaɓe ƙura daga tebur. Ya ce saura. Na ce barbaɗa gari a kan abu. Ya ce fast fa? Na ce mai gudu da sauri, da kuma abin da ya kafe daram ba ya motsi. Haka yake yi mana ni da Yaya tun yana koyar da Turanci a sakandare. Marigayiya Mama ta yi ta cewa a bar yara su haɗiye loma.

Na ce Turancin ne ba shi da alƙibla. Ya ce in daina zagin harshen mutane, mu ma muna da namu. Na ara, na ara masa: wa ya karɓa, wa ya bayar? Ki dai karanta jimla har ƙarshe, in ji shi.

Miyar ta yi gishiri. Wannan ma ya faɗa.

Laraba, 11 ga Yuni

Jiya bai kira ba. Aka gama labaran rana, waya shiru. Abin da ya fara zuwa raina: yau dai na tsira. Har lemo na saya na sha a tsaye bakin taga.

Mai ɗinkin da ke ƙasanmu ce ta kira wajen la'asar. Ta hau kai masa rigarsa da ta rage wa hannu, ta yi ta sallama ba amsa, rediyo na ta magana shi kaɗai. A ƙasa ta same shi, tsakanin kujera da tebur. Ita da mijinta da mai shagon bakin titi suka sauko da shi daga hawa na uku.

Da likita ya ji inda nake aiki sai ya yi mini bayani da Turanci. Stroke, in ji shi. Jijiya ta toshe a ƙwaƙwalwa, ɓarin dama ya shanye, magana kuwa sai abin da hali ya yi. Ina tsaye ina gyaɗa kai, hankalina ya tafi wani wuri: ai da wannan kalmar ake faɗin uwa ta shafa kan ɗanta a hankali. Ban san abin da ya kawo wannan a irin wannan lokaci ba. Aikin Baba ne.

Juma'a, 13 ga Yuni

Yaya ya iso, wuni guda ya yi a mota. Mutane na ta kira. Kowa na ce masa da sauƙi. Ya buɗe ido, da sauƙi. Ya kasa haɗiye ruwa, da sauƙi. Yaya kaɗai ke gane wace irin “da sauƙi” ce daga muryata.

Lahadi, 15 ga Yuni

Ya matse mini yatsa da hannun hagu.

Alhamis, 19 ga Yuni

Magana ta fara dawowa, kalma ɗaiɗai, baki a karkace. Na ba shi shayi a cokali, ya kauda kai ya ce, “Sanyi.” Na fita na roƙi nas ta ɗumama, na dawo, ya ƙara kauda kai, “Sanyi, sanyi,” har da hawaye. Sai da na ɗanɗana. Ƙona baki yake. Ashe tun farko zafi yake nufi.

Na zauna ina fifita kofin da murfin kwano. Shi yana kallon bango. Mutumin da bai taɓa barin kalma ta zauna a gurbin da ba nata ba.

Talata, 24 ga Yuni

An haɗa mu da mai koya masa magana, wata 'yar siririya mai haƙuri. Ta ce hankalinsa lafiya lau, ya san abin da yake son faɗa. Sai dai kalma da akasinta kusa da juna suke ajiye a kai, in ya miƙa hannu sai ya ɗauko ta gefe. Buɗe da rufe, hau da sauka, eh da a'a.

Na ce to ai da sauƙi, sai in riƙa juya duk abin da ya faɗa. Ta yi murmushi ta ce da ma kullum yake juyawa. Wani lokaci daidai yake ɗaukowa.

Yaya ya koma, aiki na jiransa. Matarsa ta aiko da bargo mai taushi.

Asabar, 5 ga Yuli

Mun dawo gida. A kujerar roba aka hau da shi, maza uku, suna hutawa a kowane hawa. Ya rufe ido tun daga ƙasa har sama, ina jin kunya ce.

Na mayar da gadonsa falo, kusa da taga.

Laraba, 9 ga Yuli

Na fara gane shi. Bakin ba abin dogaro ba ne, hannun hagu ne ba ya ƙarya. In ya ce a buɗe taga yana jan bargo, rufewa ce. In ya ce ya ƙoshi idonsa na kan cokali, ƙari yake so. In ya faɗi kalma ta fito a juye, shi ma yana ji, sai girarsa ta hagu ta ɗaga, ya tsaya yana jira in gyara masa.

Wadda ba ta taɓa fitowa daidai ba ita ce zauna. Duk lokacin da yake son in ɗaga shi mu taka zuwa banɗaki, “Zauna” yake cewa.

Mai ɗinki ta hau gaishe shi, ya dube ta ya ce, “Fita.” Ta juya jiki a sanyaye, na riƙo mayafinta na ce shigo yake ce miki. Muka yi ta dariya, har shi, da rabin baki.

Litinin, 14 ga Yuli

Hutun da aka ba ni ya ƙare. Mai ɗinki ta hau da kekenta falonmu, tana aiki tana duba shi har in dawo. Ban san da me zan saka wa matar nan ba.

Bayana na ciwo. Ɗaga shi ba wasa ba ne.

Alhamis, 24 ga Yuli

Na tafka kuskure, har aka karanta shi a rediyo.

Kan labarin ya ce two doctors left, a wani ƙaramin asibiti. Na rubuta likitoci biyu sun bar aiki. Ban karanta har ƙasa ba, idona kamar an zuba yashi. Ashe sauran duk sun tafi, biyun nan su suka rage. Left: ya tafi, ya rage. Tun ina firamare Baba ya koya mini ita. Ɗaya daga cikin likitocin ya bugo da kansa, wai yana tsaye a kan marar lafiya ya ji an ce ya gudu. Muka ba da haƙuri a labaran yamma. Edita bai yi faɗa ba, ya dai tambaye ni ya jikin Baba, wanda ya fi faɗan ciwo.

Na dawo gida na samu rediyo a kan cinyarsa. Ya ƙwanƙwasa ta da yatsa, ya nuna ni, ya tattara ƙarfinsa duka ya ce, “Daidai.”

Girar ta ɗaga. Ya tsaya yana jira in gyara masa.

Na ce, “Na ji, Baba. Na gode.” Ya girgiza kai, ya sake bugun rediyon: daidai, daidai. Na ce ai na ji, yau dai na yi daidai. Ya harare ni, sai kuma kafaɗarsa ta fara rawa. Na shiga kicin na kunna famfo. Ban san ko dariya nake ba ko ɗayan.

Lahadi, 27 ga Yuli

Wuni ya yi yana kallon taga. Daga gadon ba a ganin titi, sai wayoyin lantarki da saman bishiya ɗaya. Tun da muka dawo ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa ba. Mai koya masa magana sau ɗaya take zuwa a mako, masu gasa masa ƙafa kuwa sun ce sai dai a riƙa kai shi. Wa zai riƙa sauko da shi?

Laraba, 6 ga Agusta

Ina yanke masa farce ya ce, “'Yata.”

Tun da aka haife ni Uwata yake ce mini, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini. Yau ya miƙa hannu ya ɗauko ta gefe. Na ɗago in ga girar. Ta ɗan motsa, ta koma. Bai jira gyara ba, ni ma ban yi ba. Na ci gaba da farcen.

Asabar, 16 ga Agusta

Yaya ya zo da magana a bakinsa. Sai da muka ci abinci ya jawo ni baranda. Gidansa a ƙasa yake, ba matakala, ga tsakar gida, ga yara, ga wurin gashin ƙashi a bayan layinsu. Matarsa ce ma ta fara kawo shawarar, har ta kwashe kayan ɗakin baƙi. Ya ce, “Uwar Baba, dubi yadda kika koma. Ke kaɗai ba za ki iya ba.”

Ban ɗaga murya ba. Na ce a can wa zai gane shi? Za su ba shi tafasasshen shayi, su rufe masa taga yana neman iska. Yaya ya ce ke ma ai koya kika yi. Na ce nan ya saba, nan Mama ta rasu, littattafansa na nan. Duk gaskiya ne abin da na faɗa.

Ya ce a tambayi mai jikin. Na ce a tambaye shi mana.

Lahadi, 17 ga Agusta

Yaya ya durƙusa gaban gadon ya yi bayani dalla-dalla. Baba ya saurara har ƙarshe. Ya daɗe yana haɗa bakinsa, sannan ya ce, “Zan zauna.”

Yaya ya sauke numfashi ya ce shi ke nan, Baba ya yanke, ba mai tilasta masa. Ya juyo ya tambaye ni, “Haka ne ko?”

Na ga girar. Na ga hannun hagu ya kama ƙarfen gado, yadda yake yi in yana son a ɗaga shi. Ni yake kallo, ba Yaya ba.

Na ce ruwan shayi na kan wuta.

Litinin, 18 ga Agusta

A ofis ban yi aikin kirki ba. Ba ƙarya na yi ba, abin da ya faɗa kowa ya ji da kunnensa. Na yi ta maimaita wa kaina haka har aka tashi.

Da na dawo bai ƙwanƙwasa rediyo ba. Na ba shi abinci ya ci, ba ƙorafi. Yaya jibi zai koma.

Talata, 19 ga Agusta

Da safe Yaya ya sauka sayen burodi, ya bar makullin motarsa a kan tebur. Na ɗauka, na ɗauko na gidan nan, na ɗora su a tire, ɗaya a kowane gefe. Dabarar mai koya wa Baba magana ce, in baki ya rikice a bar hannu ya zaɓa.

Na ce, “Baba, wannan nan ne, wannan gidan Yaya. Kada ka ce komai.”

Ko jinkiri bai yi ba. Ya ɗora hannu a kan na motar.

Na sauya musu wuri, ko hannun ne ya fi kusa. Ya bi shi can.

Sai ya saki makullin ya kai yatsa ƙasan idona, inda ya yi baƙi, ya ce, “Kin huta.” Na ce ban gaji ba. Na ce in don ni ne, wallahi ban gaji ba. Ya nuna taga, ya nuna ƙafarsa. Na ce to don wanne ne, don ni ko don ƙafar? Ya ce eh. Ya ce a'a. Girar ba ta motsa ba ko sau ɗaya. Wannan kam ban iya fassara shi ba.

Yaya ya shigo da ledar burodi. Ban bari ya ajiye ba na ce, “Tafiya yake nufi. Tun shekaranjiya tafiya ya ce.” Yaya ya dube ni, ya dubi Baba, bai tambaye ni dalilin shirun ba. Allah ya saka masa. Ya ce to zai ɗaga tafiyarsa zuwa Asabar.

Alhamis, 21 ga Agusta

Haɗa kaya. Littattafan sun fi tufafin nauyi. Na ce a bar manyan ƙamus ɗin, ai ba ya iya ɗaga su. Ya ce, “Bar su,” yana jawo ɗaya da yatsa. Aka sa a kwali.

Na kira matar Yaya na yi mata karatu: shayi, taga, zauna, girar hagu. Ta ce in bi a hankali tana rubutawa. Tana da kirki. Ban taɓa cewa ba ta da shi ba.

Asabar, 23 ga Agusta

A kujerar robar nan aka sauko da shi. Wannan karon idonsa a buɗe. Da suka kai ƙasa ya ce su tsaya, wato dai ya ce su tafi amma ya riƙe ƙofa. Ya sauke ƙafar hagu ya taka ƙasa, ya daɗe a haka. Mai shago ya fito, mai ɗinki na ta share ido da bakin mayafi.

Aka kwantar masa da kujerar gaba. Na gyara masa bargo, na sake gyarawa. Yaya ya tayar da mota. Baba ya kama hannuna ta taga ya ce, “Sannu da zuwa.”

Na ce, “Yauwa, Baba. Na same ku lafiya?”

Ya ce, “A'a,” yana murmushi.

Na tsaya har suka sha kwana. Na hau sama na mayar da kujerun falo yadda suke.

Laraba, 27 ga Agusta

Barci har da mafarki. Bayana ya daina ciwo. Mai ɗinki ta sauke kekenta.

Litinin, 1 ga Satumba

Matar Yaya ta kira. Na ɗauka wata kalma ce ta gagare su, har na jawo kujera. Ashe labari kawai za ta ba ni. Wai yaran sun riga kowa gane shi, sun mayar da abin wasa, in ya ce su yi shiru sai su kama waƙa. An fara gasa ƙafar, ya taka daga ƙofa zuwa gindin bishiya da sanda. Ta ce ko takardar da ta rubuta ba ta ƙara dubawa ba.

Na ce alhamdu lillahi. Na ji daɗi. Abin da ake nema ke nan.

Alhamis, 4 ga Satumba

Aiki lafiya. Gida fes, ba abin da ke motsawa daga inda na ajiye shi. Na dafa shinkafa ta yi yawa, na kai wa mai ɗinki.

Ina shara na ga takalminsa a ƙarƙashin kabad. Ƙafa ɗaya, ta dama, wadda ba ya takawa da ita. Na san Yaya ya saya masa sababbi.

Na roƙi Edita ya ba ni Asabar da Lahadi, wani ya riƙe mini. Ya tambaya ko jikin ne ya tashi. Na ce a'a, kaya aka manta, masu muhimmanci.

Motar safe ba ta cika cunkoso ba, in ji mai shago. Na goge takalmin na sa a jaka.